Hannun Mai Masa

A Onitsha aka haife ni, mahaifina yana sayar da albasa a Kasuwar Relief. Ranar da na gaya masa na samu gurbin karatu a jami'a a Enugu, kuma gashin ƙashi zan karanta, sai ya ajiye kofin shayinsa ya dube ni.

"Gashin ƙashi? Wanda ake yi da tawul da ruwan zafi? Shi ne sai an je jami'a?"

Na yi masa bayani cewa wanda ya karye aka cire masa filasta, ko aka yi masa aiki a gwiwa, ko ɓarin jikinsa ya shanye, mu ne za mu sake koya wa gaɓoɓinsa motsi. Ya ce to, Allah Ya sa albarka.

Na so karatun nan ƙwarai. Ni kaɗai ce mai hijabi a ajinmu, sai na haɗu da wata ƙawa 'yar Ibo, muka riƙa haddace tsokoki da jijiyoyi a jikin juna, ta lanƙwasa mini kafaɗa, ni ma in lanƙwasa mata, muna dariya. Da aka fara kai mu sashen ƙashi na asibitin koyarwa, na ga 'yan okada a jere kan gadaje, ƙafafunsu a rataye da nauyi. Akwai wani dattijo da aka sake wa ƙugu, ni na riƙe shi ranar da ya fara taka ƙasa. Yana tafe yana zagina da Ibo saboda zafi, da ya kai ƙarshen ɗakin kuma ya juyo yana sa mini albarka. Tun daga nan na ƙudura a raina ɓangaren ƙashi da gaɓoɓi zan ƙware.

Ina gamawa na yi aure. Mijina dillalin shanu ne a Fatakwal, muka zauna a Rumuokoro. Bai taɓa hana ni aiki ba, shi ma ya riƙa tambaya mini inda zan yi shekarar sanin makamar aiki, wadda sai da ita ake samun cikakken lasisi. Gurbin ya yi wuya. Da aka samu ɗaya a Enugu, ina da tsohon ciki, na ce sai baɗi. Na haifi 'yan biyu. Baɗin ta zo, uwar mijina ta kwanta ciwo a gidanmu. Bayan ta warke wani cikin ya shigo. Babu ranar da na zauna na ce na fasa. Kawai dai na wayi gari kowa a unguwa Maman 'Yan Biyu yake kirana, kuma waɗanda suka san na yi jami'a ma ba su san me na karanta ba.

Ɗakin da ke kallon namu na wata yarinya ce, matar wani mahauci, tana tuyar masa a ƙofar gida da safe. Anti take ce mini. Wata ranar damina ta je Kasuwar Creek Road sayen shinkafa, a hanyar dawowa okadan da ta hau ya zame da ita, ta dafa ƙasa da hannun dama. Aka shigo da ita tana kuka, mata suka cika tsakar gida. Na ratsa na tsuguna na duba. Gwiwar hannun ta kumbura, ta sauya kama, kuma da na taɓa ƙananan yatsunta ta ce ba ta ji sosai.

Na ce wa mijinta, "Malam, karayar nan a gaɓa take. A kai ta asibiti yanzu a yi hoton ƙashi. Wataƙila sai an yi aiki."

Ya juya yana kallon mahaifiyarsa, wadda ta zo musu ziyara daga arewa. Tsohuwar ta gyara zama.

"Aiki kuma? A yanka yarinya kan karaya? Akwai mai ɗori a mayanka, shi ya ɗora ƙafar ƙaninsa."

"Inna, ba duk karaya ce ɗaya ba. Wannan na karanta a makaranta."

Ba da faɗa ta amsa mini ba, da murmushi ma ta tambaya: "'Yata, a wane asibiti kike aiki?"

Matan suka sunkuyar da kai. Na sake roƙon mijin a waje, na sa maigidana ya yi masa magana, mahaucin ya ce zai duba. Kafin la'asar an kai ta wurin mai ɗori, an ja hannun, an ɗaure da kara da ƙyalle tamau.

Washegari na shiga gaishe ta na tarar yatsun sun kumbura sun yi sanyi. Na ce a sassauta ɗaurin, aka ce mai ɗori ya hana a taɓa. Na kira ƙawata ta jami'a, wadda a lokacin take aiki a wani asibitin ƙashi, ta ce a kwance shi nan take a kawo ta. Na ba mijin wayar. Ya saurara da ladabi, har yana cewa "Yes ma", kuma maganarta ce ta sa aka sassauta a ranar, duk da cewa abin da na faɗa ne ta maimaita. Asibiti dai ba a je ba sai da aka kwance ɗorin aka ga hannun ya ƙi miƙewa, yatsu biyu sun naɗe. Likitan da ya duba ya ce an makara, ƙashin ya haɗe a karkace.

Ita da kanta ta zo ɗakina bayan tsohuwar ta koma gida.

"Anti, ko akwai abin da za ki iya yi mini?"

Muka fara. Kullum da hantsi, in yara sun tafi makaranta, in jiƙa tawul a ruwan ɗumi, in miƙar da gaɓar a hankali, in ba ta soso ta matsa. Ta kan ciji gefen mayafinta don kada ta yi ƙara. Mun daɗe muna yi. Hannun ya ɗan saki har tana iya kai loma baki, amma ba ta iya goya ɗanta sai an taya ta, kuma kitson da take yi wa yaran gidan ta bar shi.

Daga baya na je na tambayi yadda zan koma fannin da na karanta. Aka ce sai na sake zama jarrabawa, na nemi gurbi tare da yaran da suka gama bana. Na karɓi bayanin na dawo gida, har yau ban je ba, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa laifi.

Ta koma tuyarta. Da hagu take juya masa yanzu, damar tana manne a ƙirjinta, man yana yawan fallatsar mata. In na aika a sayo, sai ta ƙara mini biyu ta ce a gaida Anti. Ba ta taɓa tayar da zancen ranar nan ba, ni ma ban taɓa ba. Amma in na fito da safe na hange ta a bakin tanda, nakan ɗauke kai in gaishe ta ina kallon wani wuri.