Filogin da Na Zare a Shagon Malam Sani

Jama'a, ni ne na kashe mana zauren nan namu na intanet ɗazu!

Ashe hirarmu da darussanmu na yaƙi da jahilci ba a hannun wani kamfani suke ba, suna cikin kwamfutar malaminmu, Malam Sani, a shagonsa na Ƙofar Marusa. Ina shagon, ya fita alwala, na zare wani filogi na jona cajata.

Sai ga shi da gudu. "Alhaji Isa, mi ka taɓa? Ana ta kirana!"

Innalillahi! Ga jarrabawa gobe!

Ya mayar da filogin. Kwamfuta shiru.

Na ce, "Malam, darussan sun tafi?"

Ya danna makunni. Can sai kwamfutar ta kawo, komai na nan!

Ya miƙo mini alli. "Rubuta a bango: KAR A ZARE. Jarrabawarka ke nan."