Tuwon Awaki

'Yata ta biyu tana da shekara goma sha huɗu lokacin da na fara koya mata tuƙa tuwo. Allah ya halicce ta da jinkirin fahimta, abin da yaro zai kama a kwana biyu ita sai ta yi wata shida. Wata likita a Gusau ta ce mini in bar ta ta riƙa yi wa kanta abubuwa, don ba kullum zan kasance ba. Maganar ta tsaya mini a rai har muka iso gida Nahuce.

Ta koyi hura wuta, ta koyi talge, ta koyi riƙe muciya. Amma tuwonta gudaji ne zalla. Ni kuwa mace ce mai jin kai da girki, tun ina amarya ba a taɓa kushe tuwona ba. Na kasa kai wa maigida wannan abu gaban baƙinsa. Sai na ɓullo da dabara: in ta kwashe, in yaba mata, in aike ta maƙwabta, in juye nata a komin awaki, in ɗora sabo. Kusan shekara muna haka, ina ganin na iya wayo.

Da damina zazzaɓi ya kwantar da ni, ko ɗaga kai ba na iyawa. Maigida yana gona, sauran yaran suna makaranta. Daga kan tabarma na ga ta ɗora tukunya ba wanda ya sa ta. Ta tankaɗe garin dawa, ta tuƙa, ta kwashe malmala huɗu, sumul, ba gudaji ko ɗaya. Na yi hamdala a zuci, na ce yau yarinyar nan za ta ci da kanta.

Sai ta ɗauki kwanon ta nufi bayan rumbu. Ina ji awaki suka taso. Ta dawo da kwanon wayam, ta wanke tukunya tas, ta zo ta durƙusa kusa da ni.

"Inna, na ƙare na awaki," in ji ta. "Taso ki tuƙa muna namu, yunwa nike ji."

Kunya ta hana ni kallonta. Ashe duk tana gani, kuma ta koya daidai yadda na koyar.