Malamin da Masu Shara Suke Duba wa Rubutu

Ƙarfe shida da rabi na safe, kafin ɗalibi ko ɗaya ya shigo, za ka gan shi yana jingine kekensa a bayan ginin sashen falsafa. Ba ofis yake fara hawa ba. Akwai wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin matakala inda masu shara ke ajiye bokitai da tsintsiya, can yake nufa da takardu a hammata. Sai ya kifa bokiti ya zauna a kai, ya karanta musu abin da ya rubuta jiya. Duk inda suka ce ba su gane ba, ya ja masa layi. Shekara ashirin da biyu ke nan yana haka. A ƙarshen watan nan zai yi ritaya, kuma gara a yaba masa tun yana ji da kunnensa.

Malam Dalili ɗalibai ke ce masa, domin ba ya barin magana ta wuce sai ya tambayi dalilinta. Maiɗakinsa takan ce ko abinci aka ce masa ya sauka, sai ya ji hujja kafin ya wanke hannu. Ɗan gurguzu ne, bai taɓa ɓoyewa ba. Abin da ya yi ta koyarwa bai wuce wannan ba: me ya sa wanda ya yi aikin ba shi ke cin moriyarsa ba? Ya rubuta littattafai uku a kan haka, ya sha rana a jerin gwanon ma'aikata har takalmi ya ƙare. Amma ba daga littafi ya samo zaman bokitin nan ba. Kuskure ne ya kai shi.

A shekarar da jami'a ta yanke shawarar sallamar masu shara talatin da ɗaya ta ba ɗan kwangila aikin, Malam ya harzuƙa. Bai tambayi kowa komai ba, ya zauna ya rubuta musu takardar koke mai shafi tara, cike da sunayen manyan masana. Ya sauko ya karanta musu yana jin kansa. Shugabarsu, wadda kowa ke kira Gwaggo, ta saurara har ƙarshe.

"Malam, sannu da ƙoƙari," in ji ta. "Amma a ina muke a ciki?"

"Ai duk maganarku ce, Gwaggo."

"To ni ban ji inda aka ce na shekara goma sha ɗaya ina wanke banɗakin benen nan ba. Ban ji inda aka ce maganin wanki ya cinye mana hannu ba. Ka yi mana kuka, amma da bakin da ba namu ba."

Kunya ta lulluɓe shi. Shi da ke koyar da cewa a bar ma'aikaci ya yi magana da bakinsa, ga shi ya toshe musu baki da alƙalami. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya naɗe shafi taran ya cusa a aljihu, ya kifa bokiti ya zauna, suna faɗi yana rubutawa. Shafi ɗaya ya ishe su: suna, shekarun aiki, da abin da suke so. Suka dangwala hannu, shi kuma ya sa sunansa a ƙasa, domin dokar jami'a ta ce ba a karanta koke a majalisarta sai da sunan malami a kai.

A daidai lokacin takardunsa na zama farfesa suna kan teburin shugaban jami'a, sa hannu kawai suke jira. Shugaban tsohon abokin karatunsa ne, tare suka taɓa riƙe kwalayen zanga-zanga a kan titi. Ya kira shi ofis, ya rufe ƙofa.

"Mutumina, cire sunanka kawai. Kujerarka na nan tana jiranka."

"In na cire, wa zai karanta?"

Shugaban ya kawar da kai ya dubi taga.

Kada a ce Malam bai so kujerar ba. Ya so ta ƙwarai, shekara da shekaru yana mata wahala. Kwana uku yana juya maganar, har Gwaggo ta lura ta ce, "Cire, Malam. Mu mun saba." Wannan "mun saba" ita ta yanke masa shawara. Ya tsaya a gaban majalisa ya karanta shafin nan ɗaya, suna bayan suna, bai ƙara kalma ko ɗaya tasa ba. Aka kaɗa ƙuri'a, masu shara suka tsira da aikinsu da rata kaɗan. Takardunsa kuwa ba su sake saukowa daga teburin ba. Ɗaliban da ya koyar sun zama farfesoshi, suna wuce kekensa a mota suna ɗaga masa hannu. Abin ya yi masa ciwo, kuma bai taɓa cewa bai yi ba.

Malam, kai ne wanda aka gyara maka kuskure sau ɗaya ka riƙe gyaran har furfura. Kai ne ka nuna mana cewa son talaka daga nesa ba shi da wuya, zama a ji ta bakinsa shi ne aikin. Mai alli da bokiti, sannu da aiki.

A makon jiya ya kawo jawabinsa na bankwana ƙarƙashin matakala. Gwaggo ta daɗe da ajiye tsintsiya, amma ta zo musamman, tana dogara sanda. Shafi huɗu ne. Ya gode wa malamansa da maiɗakinsa, ya nemi afuwa cewa duniyar da ya so ya gyara tana nan yadda ya same ta. Maganar koken nan bai taɓo ta ba ko kaɗan, wai kada a ce yabon kai yake yi. Da ya gama, Gwaggo ta girgiza kai.

"Malam, tsufa bai hana ka ba. A ina muke a ciki?"

Ya yi dariya, sannan ya cire tabarau yana goge ido. Har yau bai yarda ya rubuta labarin koken ba, shi ya sa aka rubuta masa a nan.

Mun gode, Malam Dalili. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya bar ka da maiɗakinka ku ci gaba da musun abinci. Ku kuma masu alƙalami da ke shirin yi wa talaka kuka, bokitin yana nan ƙarƙashin matakala. Daga ƙarshen wata babu mai zama a kansa.