Roƙon da Na Ƙi a Ƙofar Masu Jinya

Jama'a, wallahi abin nan da ni ya faru, shekarun baya, ina gadin ƙofar ɗakin marasa lafiya masu tsanani a wani asibiti a nan Jalingo. Dokar wurin uku ce: ziyara daga ƙarfe huɗu zuwa biyar na yamma, mutum ɗaya-ɗaya, minti biyar-biyar. Kullum dangi cikin roƙon a sassauta suke, ni kuwa ban taɓa sassautawa ba. Iyakata ƙofa, ban san fuskokin waɗanda ke kwance ciki ba.

Wata rana bayan azahar wata mata ta iso daga Kona, goyo a baya, ta ce, "Useni, don Allah malam, babana ne a ciki, kwana shida bai farka ba." Na ce sai huɗu. Ta koma benci ta zauna.

Wajen ƙarfe uku sai ga wani dattijo dogo, siriri, da tabo a girar hagu, ƙafa ba takalmi, ban ma ji tahowarsa ba. Ya nuna ta ya ce, "Ɗana, bar yarinyar nan ta shiga. Huɗu ta yi nisa."

Na ce, "Baba, ko gwamna ne sai huɗu."

Ya ce, "Kai dai da agogonka." Ya daɗe yana kallonta, ita ko ɗaga kai ba ta yi ba. Na juya in amsa sallamar wani, ina waiwayowa babu shi.

Huɗu saura kwata nas ta fito ta kira matar, ta yi mata ta'aziyya. Da za a fitar da gawar aka ce in kama gadon, matar ta roƙa a buɗe mata fuskar, aka buɗe. Innalillahi! Dattijon nan ne, har tabon. Na tambayi nas ko ya fita ɗazu, ta harare ni ta ce mutumin da inji ke masa numfashi?

Matar ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Cewa kawai ta yi, "Tun azahar ina nan, malam."

Duk wanda aka ba tsaron irin wannan ƙofa, in an roƙe shi, ya daure ya shiga ya tambayi likita tukuna, kafin ya ce a'a.