Gefen Gadon Tela

Mai Sikeli ake ce masa, don ƙuruciyarsa kaf a gyaran sikelin 'yan kasuwa ta ƙare. Taurin kai kuwa ba a magana, ko a asibiti aka auna shi sai ya ce sikelinsu ƙarya yake yi. Matarsa Tela yake kiranta, saboda baƙin keken ɗinkinta mai ƙarar tsiya.

Da jiri ya fara kayar da Tela, sai 'yarsu Auta, wadda ke aiki a wani gari, ta kawo wata siririyar shimfiɗa mai gane nauyi ta sa ƙarƙashin katifa a gefen uwar, ta maƙala 'yar na'ura a bango. Tela na ɗagawa na'urar za ta yi ƙara, tsoho ya zo ya riƙe ta, wayar Auta kuma ta nuna: Mama ta tashi. In lokacin kwanciya ya yi gurbin ba kowa, nan ma ta yi ta kira.

Ranar da aka kai Tela makwancinta, na'urar ta dinga kira kamar akuyar da aka raba da ɗanta. Masu gaisuwa suka ce a zare ta, ya ce kul. Da kowa ya watse ya cire kan keken ɗinkin daga teburinsa ya ɗora a gurbinta. Tsit. Katifar ma ta lotsa ta can gefen, yadda bayansa ya saba. Tun daga nan da safe ya sauke keken, da yamma ya mayar.

Wata rana da hantsi, bai kai ga saukewa ba, sai ga Auta da jaka ba komai a ciki, idanu a kumbure.

"Baba, wallahi na gaji. Matar da aka ɗauka a kan idona, kullum wayata sai ta ce min ta tashi, ta kwanta. Ko abinci ba na iya ci."

Ta leƙa ɗaki, ta ga keken kwance an ja masa bargon uwarta.

"Innalillahi! Har da lulluɓi?"

"Don kada ya yi tsatsa ne."

"Haɗa kayanka, Baba. Ba zan bar ka kai kaɗai kana kwana da ƙarfe ba."

Ya san gidan nata, can saman bene, ba abu ɗaya a ciki da hannun Tela ya taɓa. Tsoro ya kama shi ƙwarai, amma ina, ba zai nuna ba.

"Ban zautu ba, Auta. Na san ƙarfe ne, ai uwarki ta fi shi surutu. Amma duk gidan nan, abin bangon nan ne kaɗai har yau yake tambayar ina take. Ke me ya hana ki goge shi daga wayarki?"

Ta shiga murza hannun jakar.

Ya tattare hannun riga, ya rungumo keken, ya yi nishi, ya dire shi a kan tebur. Na'urar ta yi ƙara. Wayar ta motsa a tafin Auta, ta kalla, hawaye ya zubo.

"Wanda ya iya ɗaga wannan bai kai a ɗauke shi ba," ya ce yana haki. "Ranar da kika ga ba ta tashi ba, to ni ne ban tashi ba. Sai ki zo da jakarki."

Haka ta koma da jakar ba komai.

Yana nan a gidansa har yanzu. Sai dai wanda ya yi rayuwarsa da awo ba a ɓoye masa nauyi, kuma ya san ba keken ne ke ƙara nauyi ba. Yau da safe ya ɗaga, ya kasa. Ya sake, ya kasa. Ya zauna bakin gado har numfashinsa ya dawo, rana tana hawa bango, sannan ya dafa bargon a hankali.

"Haba Tela, taimaka ki tashi mana. Yarinyar nan tana can riƙe da waya."