Shekarar da ɓeraye suka cinye mana shuka

Ni ɗinki nake yi a Zinder, amma gonar gidanmu tana wani ƙauye kusa da Durum, a hannun yayana. Shi yake nomawa, ni kuma in aika da iri da taki, a raba da kaka.

Wani rani dila ya matsa wa awakinsa. Yau a ɗauke ɗan akuya, jibi a sami wata da cizo a wuya. Yaya ya gaji. Ya sayo maganin kashe ƙwari a kasuwa, ya barbaɗa a cikin mataccen bunsuru, ya jefar bayan gona. Ban san da maganar ba sai da na je gaisuwa. Ya ja ni ya nuna mini wurin, yana murna. Diloli ne a kwance, sun kumbura. Gefe ga ungulu birjik, waɗanda suka ci gawarsu. Akwai shirwa, har da karen maƙwabcinmu.

Na ce, "Yaya, abin ya yi yawa fa."

Ya ce, "Kai kana birni kana taka keken ɗinki. Ni nake binne awaki."

Gaskiya ya faɗa. Da mutanen ƙauye suka ga awakinsa sun huta, kowa ya yi irin nasa. Kafin rani ya ƙare an daina jin kukan dila a dajin.

Damina ta biyu bayan haka, ruwa ya sauka da wuri, aka yi shuka. Da safe Yaya ya tarar da kowane rami a tone, babu ko ƙwayar gero. Ɓerayen daji ne. Dā ma akwai su, amma dila da shirwa da mujiya suna rage su. Yanzu babu mai cinsu, sun hayayyafa sun cika ƙasa da ramuka, har ƙafa take nutsewa in ana tafiya.

Na aika da wani irin, aka sake shukawa, suka sake tonewa. Na je ofishin noma, wani ma'aikaci ya saurare ni da kyau, ya ce ba ƙauyenmu kaɗai ba ne, kuma masu cin ɓera ba a rana ɗaya suke dawowa ba. Daga nan na bi gidajen unguwarmu ina roƙon 'ya'yan kyanwa, na cika kwali, na ɗaura a bayan moto, wato babur. Ashe mutane sun riga sun zuba wa ɓerayen guba a gonaki. Kyanwoyin suka ci ɓerayen da suka sha gubar, su ma suka mutu.

A shuka ta uku na je da kaina. Muka zauna a bakin gona da yamma, ni da shi, sanduna a hannu, muna ganinsu suna fitowa ba tsoro. Mu buge ɗaya, wasu su ɓullo ta can. Can Yaya ya ajiye sandarsa.

Ya ce, "Kai da kake cikin mutane, babu wata dabara?"

Na ce, "Wallahi ban sani ba, Yaya."

Abin da ya tsira ya fito a makare, ruwa ya ɗauke kafin ya yi ido. Da kaka ba a buɗe rumbu ba ma, a ɗaki aka jingine dammunan. Yaya ya tafi ci-rani Kano, matarsa da yaran suka dawo gidana. Duk lokacin da ya kira, sai ya tambaye ni ko ya shuka baɗi. Nakan ce masa mu jira mu gani.