Duwatsun Inna a bisa wata

Jama'a, yau Inna ta kashe mini baki gaban maƙwabta!

Kun san tun bayan salla nike bin hotunan duniyar wata a portabul, wato wayar hannu, ina neman alamar gini. Jiya wani ya turo hoto cikin gurup ɗinmu na waya, baƙi da hwari, ya ce daga wata anka ɗauko shi. Layukan duwatsu a jere reras! Na tahi anka hidda mini shi bisa takarda. Da sahe na shimhiɗa shi ƙohwar gida, mutane sunka taru.

Na ce, "Ku duba! Iska ba ta jera dutsi haka. Akwai masu hankali can bisa!"

Inna ta hito da tsintsiya, ta duƙa, ta aza yatsa.

"Wanga ba tudun bayan garinmu ba ne? Ga korama, ga inda layin ya karkace. Nan ƙahwata ta goce."

Ashe tudun garinmu Keita ne anka ɗauka daga sama!

Ta dube ni ta ce, "Mu mata munka ɗauko duwatsun nan da kai, kana goye, don ruwa shi tsaya cikin gonaki. Kullum kana wuce su bisa moto. Ba ka taɓa ganin hankali cikinsu ba sai da anka ce maka a wata suke."